Linzami a Hannun Mai Shafi: Maɓalli Nawa Ya Kamata Maginin Intanet Ya Bayar?

Duk wanda ya tsallaka kogin Kaduna ya gangara kudu, ya bi titin Kachia ta Kakuri da Television har Sabon Tasha, zai ga allunan talla sun fi itatuwan bakin hanya yawa. Makarantu masu zaman kansu, ƙananan asibitoci, otal-otal, zaurukan biki, majami'u, masu sayar da filaye, masu ɗinki, masu haɗa kek. A ƙasan allon akwai lambar waya, akwai alamar WhatsApp, kuma a 'yan shekarun nan an fara ganin adireshin shafin intanet. Mafi yawan waɗannan shafuka ba wani babban kamfani daga Legas ne ya gina su ba. Samari da 'yan mata ne na unguwa, masu kwamfutar cinya ɗaya da batirin ajiyar caji, suka haɗa su a kan kuɗin da aka yi ciniki a tsaye.

Ginin shafin ba shi ne wahalar ba. Wahalar tana farawa ranar da aka miƙa aiki. Mai makaranta zai ce, "To, yanzu ka nuna wa sakatariyata yadda za ta riƙa canzawa da kanta, don ba kullum zan riƙa kiranka ba." Magana ce ta gaskiya, kuma haƙƙinsa ne. Amma a cikin "canzawa" ɗin nan akwai abubuwa biyu da ba a cika rarrabe su ba. Akwai canza abin da shafin ke faɗa: ranar komawa makaranta, kuɗin zango, hoton ɗaliban da suka ci gasa. Akwai kuma canza kamannin shafin: launi, girman rubutu, tazara, faɗi, inda kowane abu zai zauna. Na farko kowa ya yarda a ba shi. A kan na biyun ne maginan shafuka ke ta kai-kawo, a Barnawa kamar yadda ake yi a Berlin, kuma shi ne batun wannan rahoto.

Yadda aka zo nan

Kudancin kogin ba baƙon sana'ar zane da tsari ba ne. A Kakuri aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957, haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa da kamfanin David Whitehead na Ingila. Bayanta United Nigerian Textiles da Arewa Textiles da wasu suka biyo, sai kamfanin haɗa motocin Peugeot a 1975. Unguwanni irin su Makera da Nasarawa da Kakuri sun cika da ma'aikata daga kowace kusurwar ƙasar nan. Da masaƙun suka durƙushe, Kaduna Textiles ta rufe a 2002, 'ya'yan waɗancan ma'aikata suka tashi ba su tarar da ƙofar da iyayensu suka shiga ba. Wasu sun kama kabu-kabu, wasu kasuwanci, wasu kuma suka kama kwamfuta. A 2016 Sanusi Isma'ila ya buɗe CoLab a Barnawa, wurin da matasa ke samun tebur da wuta da intanet da abokan koyo, kuma ana yawan ambatonta a matsayin cibiyar farko irinta a Kaduna. Ga kuma reshen Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna a nan Barnawa, ga shagunan buga takardu da katin biki da suka daɗe suna horar da yara a kan CorelDraw. Daga zanen fosta zuwa zanen shafi taki ɗaya ne, ko da yake, kamar yadda za a gani, takin yana da rami a tsakiya.

Manhajar da mafi yawansu ke kamawa ita ce WordPress, saboda kyauta ce kuma darussanta sun cika YouTube. Matt Mullenweg da Mike Little ne suka fara ta a 2003, kuma a yau fiye da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya a kanta suke. Shekara goma sha biyar wurin rubutunta fili ɗaya ne kamar takardar wasiƙa: ka rubuta, ka saka hoto, shi ke nan. Wanda ke son ginshiƙai uku ko babban hoto mai rubutu a kansa sai ya nemi wata manhajar ya ɗora a kai, irin su Divi da WPBakery, daga baya Elementor da ta fito a 2016. Ranar 6 ga Disamba 2018 aka saki WordPress 5.0 da sabon wurin rubutu mai suna Gutenberg, sunan Bajamushen nan na Mainz da ya yi fice da injin ɗab'i a ƙarni na 15. A cikinsa komai tubali ne mai zaman kansa. Sakin layi tubali ne, hoto tubali ne, maɓalli tubali ne, kuma akwai tubalan da aikinsu kawai su ɗauki wasu tubalan a cikinsu su jera su. Mutane da yawa sun ƙi shi da farko, har miliyoyin shafuka suka saka fulogin ɗin Classic Editor, wata ƙaramar manhaja da ake ɗorawa a kai, don su koma tsohon tsari. Amma Gutenberg bai koma baya ba.

Abin da ke faruwa a allon gefe

Idan ka taɓa tubali a Gutenberg, allo zai buɗe a gefen dama. A nan maɓallan suke: launin rubutu, launin bango, girman harafi, tazarar ciki tsakanin rubutu da bangon tubalin, tazarar waje tsakaninsa da maƙwabcinsa, kaurin iyaka, lanƙwasar kusurwa, inuwa. Tambayar ita ce, wa ya yanke cewa wannan tubalin zai sami waɗannan maɓallan, wancan kuma ba zai samu ba?

Wanda ya ƙera tubalin ne. A ce magini ya ƙera wa wata makaranta tubalin "jadawalin kuɗin makaranta", ko ya ƙera wa zauren biki tubalin "kunshin farashi". A shekarun farko, idan yana son mai shafi ya iya canza launin bangon tubalin, sai ya zauna ya rubuta komai da hannu: wurin ajiye zaɓin, akwatin zaɓen launi a allon gefe, da umarnin da zai ɗauki launin ya shafa shi a shafin da baƙo zai gani. Kowane magini da irin nasa. Shi ya sa za ka ga tubali biyu a shafi ɗaya, ɗaya yana auna tazara da fiksel, ɗayan da "ƙarami, matsakaici, babba", kuma ba sa ga-maciji.

Yanzu hanya ta sauƙaƙa ƙwarai. Kowane tubali yana da ɗan fayil mai suna block.json, wanda tun WordPress 5.8 ta Yulin 2021 ya zama hanyar da ake so a yi rajistar tubali da ita. A cikinsa akwai sashen da magini ke bayyana abin da tubalin ya yarda a yi masa. Ya rubuta layi ɗaya cewa ya yarda da launi, sai akwatin launi ya fito. Ya ƙara layi cewa ya yarda da tazarar ciki da ta waje, sai ma'aunansu su fito, har yana iya cewa sama da ƙasa kawai, ban da hagu da dama. Sharaɗin kawai shi ne ya bar manhajar ta ɗora waɗannan zaɓuɓɓuka a kan mayafin tubalin na waje, ta hanyar wani ɗan umarni mai suna useBlockProps, ko takwaransa na PHP idan tubalin irin wanda ake haɗawa ne a kan saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, duk lokacin da baƙo ya buɗe shafi. Aikin da a da yake cin yini yanzu ba ya cin mintuna goma.

A nan ne matsalar take, a ganina. Abin da ya yi arha ana yawan barnatar da shi. Tunda kunna maɓalli ba ya cin komai, sabon magini sai ya kunna duka, yana ganin alheri ya yi wa mai shafi. Bayan wata uku sai ka buɗe shafin makarantar ka tarar da kanun labari ja a kan bango kore, sanarwar jarrabawa da harafi mai girman tafin hannu, wani sakin layi ya matse a gefe saboda an ja tazararsa bisa kuskure ba a san yadda za a mayar ba. Ba laifin sakatariya ba ne. An ba ta maɓalli talatin, ba a gaya mata cewa ashirin da biyar ba nata ba ne.

Launin gida da launin ganin dama

Akwai wani bambanci a cikin WordPress da mai shafi ba ya gani, amma shi ne ƙashin bayan al'amarin. Idan mutum ya zaɓi launi daga cikin jerin da aka tanadar wa shafin, abin da manhajar ke ajiyewa a cikin tubalin shi ne sunan launin, misali "launin gida na farko". Idan kuwa ya buɗe bakan launuka ya tsinci wanda ya ga dama, lambar launin ce za a liƙa a jikin tubalin kai tsaye. A ido duka ɗaya ne. Bambancin yana fitowa ranar da makarantar ta canza kalar yunifom daga shuɗi zuwa ruwan hanta, ta ce shafi ma ya bi. A shafin da aka yi amfani da sunaye, wuri ɗaya za a gyara, shafuka ɗari biyu su sauya tare. A ɗayan kuwa sai an bi tubali-tubali ana kankarewa, kuma dole a manta da wasu.

Wurin da ake tanadar waɗannan jeri shi ne wani fayil, theme.json, wanda shi ma ya zo da 5.8. Yana zaune a cikin jigon shafin, wato kunshin da ke ba shafi kamanninsa gaba ɗaya. A cikinsa magini zai ce: launukan gidan nan biyar ne, ga su. Girman harafi huɗu ne. Matakan tazara shida ne. Faɗin rubutu kaza, faɗin abin da aka yarda ya fi rubutu faɗi kaza. Sannan, idan ya so, ya kashe bakan launuka da akwatin rubuta girman harafi da hannu, ya bar jerin kaɗai. Yana ma iya yin haka ga tubali ɗaya ya bar sauran. Saboda haka ƙofa biyu ce: block.json yana faɗin abin da tubali zai iya ɗauka, theme.json yana faɗin abin da wannan shafin ya yarda a ba shi.

Tsofaffin ma'aikatan Kakuri za su gane wannan tsari da sauri. Zanen atamfa guda ana buga shi da haɗin launuka daban-daban, 'yar kasuwa ta zaɓi wanda kasuwarta ke so, amma ba a ba ta goga ta shiga ɗakin rini ta ƙara nata ba. Ta sami zaɓi na gaske, kuma duk wanda ta ɗauka zai fito da kyau, domin wanda ya san aikin ya riga ya gwada su.

Hatta batun ko rubutu zai karantu yana da ma'auni. Ƙa'idojin WCAG, waɗanda ƙungiyar W3C ta fitar don shafuka su yi wa masu raunin gani amfani, sun nemi bambancin haske tsakanin rubutu da bango ya kai 4.5 bisa 1 ga rubutu na yau da kullum. Gutenberg yana fitar da ɗan gargaɗi idan launukan da aka haɗa za su yi wuyar karantawa, amma gargaɗi ne kawai, ba ya hana kowa. Ga mai karanta waya a tsakar ranar watan Maris a bakin Kasuwar Sabo, toka-toka a kan fari daidai yake da babu rubutu.

Wayar da ke aljihun iyaye

Ramin da na ambata tsakanin fosta da shafi shi ne wannan. Fosta tana da faɗi ɗaya. Shafi ba shi da shi. Magini yana aiki a kan kwamfuta mai faɗin fuska, mai makaranta ya zo ya duba a kan kwamfutar, ya ce ya yi. Amma uban da zai duba kuɗin zango da Tecno ko itel ko Infinix zai buɗe, kuma faɗin da burauza ke gani a irin waɗannan wayoyi yawanci bai wuce fiksel 360 ko kaɗan sama da haka ba. A lissafa: idan an ba tubali tazarar ciki ta fiksel 80 a hagu da 80 a dama, abin da ya yi kyau a kwamfuta, saura 200 a waya. Idan tubalin yana cikin wani tubalin da shi ma aka ba shi tazara, sai kalma biyu-biyu su riƙa sauka a layi.

Ethan Marcotte ne ya raɗa wa maganin wannan matsala suna a 2010, tsarin da shafi ke miƙewa ko ya tsuke gwargwadon fuskar da aka buɗe shi. Amma yadda za a miƙa wannan iko ga mai shafi, a nan masu ƙera manhajoji suka rabu. Elementor da ire-irenta suna ba ka hoton kwamfuta da na kwamfutar hannu da na waya a kusa da kusan kowane ma'auni, ka saita kowanne daban. Masu kula da WordPress kuwa sun yi shekaru suna ƙin bin wannan hanya. Sun fi son a gina tubalin yadda zai daidaita kansa. Tubalin ginshiƙai yana da makunni guda da ke sa ginshiƙan su hau kan juna idan faɗin fuska ya gaza fiksel 782. Tubalin jere yana iya naɗo abin da bai sami wuri ba zuwa layi na gaba. A 6.1, Nuwamba 2022, aka kawo girman harafi mai miƙewa, inda magini ke faɗin mafi ƙanƙanta da mafi girma, burauza ta nemo tsakiya da kanta, kuma ana iya yi wa matakan tazara irin wannan dabara. A 6.6, Yuli 2024, tsarin gidajen dara ya shigo sosai, inda za ka ce kada kowane gida ya gaza faɗi kaza, sai yawan gidajen a layi ya ragu da kansa a kan waya.

Maginan da suka saba da Elementor suna ƙorafin cewa wannan ɗaure hannu ne, kuma suna da hujja. Akwai lokacin da hoton da ya dace da kwamfuta bai dace da waya ba sam, akwai lokacin da kake son maɓallin "Kira mu" ya hau sama a waya kawai. Amma ga shafin da za a miƙa wa wanda ba sana'arsa ba ce, ina ganin hanyar WordPress ta fi aminci. Maɓalli uku a madadin ɗaya yana nufin wurin kuskure uku, kuma biyu daga ciki a ɓoye suke, domin sakatariyar da ke aiki a kwamfuta ba za ta ga abin da ta lalata a waya ba sai wani uba ya kira.

Ga kuma nauyi. Kowane tubalin da aka cusa a cikin wani, kowane salon harafi da aka ƙara, kowane fulogin mai tubala hamsin da aka saka don a yi amfani da biyu, duk baƙo ne ke biyan kuɗin saukar da su. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara farashi da kashi 50 cikin ɗari. Wanda ya sayi data ta kwana ɗaya ba zai jira babban hoton bango mai motsi ya gama buɗewa ba. Zai koma WhatsApp ya tambayi maƙwabciya.

Haruffa masu lanƙwasa da masu ja a ƙasa

Akwai maɓalli guda da ya fi kowanne haɗari a wannan yanki namu, kuma darussan YouTube ba sa maganarsa domin masu yin su ba su da matsalar. Shi ne na zaɓen salon harafi. Tun WordPress 6.5, Afrilu 2024, mai kula da shafi yana iya buɗe taskar haruffa ya sauko da duk wanda ya burge shi daga Google Fonts ba tare da ya taɓa fayil ko ɗaya ba. Ci gaba ne. Sai dai salo da yawa, musamman na ado da ake so a kanun labari, ba su da ɓ da ɗ da ƙ, balle manyansu Ɓ da Ɗ da Ƙ, balle ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa. Idan burauza ba ta sami harafin a salon da aka zaɓa ba, sai ta aro shi daga wani salon. Sakamakon shi ne kalma kamar "ƙarƙashin" ta fito da haruffa biyu sirara a tsakiyar masu kauri, ko a tsohuwar waya su zama akwatuna. Haruffan nan sun zauna a rubutun boko tun shekarun 1930, zamanin da Rupert East da Abubakar Imam ke aiki a Zariya, kafin ma a fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Abin takaici ne a ce bayan shekara kusan casa'in shafin intanet ya kasa abin da injin dalma ya iya, har mai rubutu ya gaji ya koma rubuta k a inda ƙ take.

Kuma kudancin Kaduna ba Hausa kaɗai ake rubutawa ba. Majami'u da yawa suna da sujadar Hausa da ta Turanci, ƙungiyoyin ci gaban al'umma na Atyap da Bajju da Gbagyi da sauransu suna son sanarwa da harshensu. Rubutun Tyap, wanda ya sami nasa Wikipedia a 2022, yana amfani da wasula masu ja a ƙasa, kamar a̱ da i̱. Wannan jan alama ce daban da ake ɗorawa a ƙarƙashin harafin, kuma salon da ba a ƙera shi da sanin haka ba yana iya ajiye ta a karkace, ko ta zame gefe. A Kakuri Hausa da Makera kuwa makarantun Islamiyya za su so aya ko hadisi da Larabci, wani lokaci da ajami. Rubutun dama zuwa hagu yana da nasa tarko: tazarar da aka ajiye da sunan hagu tana nan a hagu ko da rubutun ya juya, kuma ma'aunin buɗa tsakanin haruffa, wanda ke ƙawata kanun Turanci, yana iya tsinka haruffan Larabci da ya kamata su haɗe.

Maganin bai da tsada. Akwai salo na kyauta da aka yi su domin irin harsunanmu: Andika da Charis da Gentium na cibiyar SIL, da dangin Noto na Google. Don ajami SIL ta fitar da Harmattan, da Alkalami wanda aka zana bisa salon rubutun hannu na yankin Kano. Magini mai hankali zai zaɓi biyu ko uku, ya gwada su da jimla mai ɗauke da duk haruffan, manya da ƙanana, a kan waya mai arha, ya saka su a theme.json, sannan ya tabbatar asusun da ya ba ma'aikatan ofis ba mai ikon ƙara wasu ba ne.

Ranar da tubali ya ƙi buɗewa

Wani abin da ke sa a yi tunani kafin a ƙara maɓalli shi ne wuyar cire shi. Tubalan da yawa suna ajiye HTML ɗinsu ne a cikin rubutun shafin. Duk lokacin da aka buɗe shafin don gyara, Gutenberg yana kwatanta abin da ke ajiye da abin da tubalin zai samar a yau. Idan magini ya canza ginin tubalin, ya ƙara mayafi ko ya sauya sunan wani sashe, biyun ba za su yi daidai ba, sai mai shafi ya ga akwati yana gaya masa cewa tubalin na ɗauke da abin da ba a zata ba, da maɓallin ƙoƙarin farfaɗowa. Ga wanda bai san dawan garin ba, wannan daidai yake da a ce masa shafinsa ya lalace. Akwai hanyar kauce wa haka: magini ya ajiye tsohon ginin a jerin tsofaffin sigogi, ya rubuta yadda za a ɗauke bayanan zuwa sabo. Amma wannan aiki ne da ba a gani, kuma ba a cika biyan kuɗinsa ba. Kowane maɓalli da aka saki alkawari ne da za a ci gaba da riƙewa muddin akwai shafi ɗaya da ya yi amfani da shi.

Manhajojin waje suna da irin nasu ɗaurin. Shafin da aka gina da WPBakery ko tsohuwar Divi, idan aka kashe manhajar, abin da zai rage tarkacen alamomi ne a tsakanin rubutu. Sannan lasisinsu da dala ake biya, mafi yawa shekara-shekara. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, har dala ta haura naira 1,500 a 2024, kuɗin sabunta lasisi ya zama abin da ƙaramar makaranta za ta tsaya ta yi tunani a kai. Nan ne wasu ke faɗawa tarkon kofen sata da ake rabawa a zaurukan Telegram, waɗanda ba sa samun gyaran tsaro, kuma sau da yawa an cusa musu ƙofar baya. Wannan ma yana cikin dalilan da suka sa tubalan WordPress na asali, duk da ƙarancin adonsu, suke ƙara samun masu so.

Kulle, da wanda ke riƙe da makulli

Mataki na ƙarshe shi ne kullewa. Tun 5.5, Agusta 2020, magini yana iya shirya tsararrun haɗe-haɗen tubala, misali sashen "malamanmu" mai hoto da suna da muƙami, mai shafi ya ɗauko shi a shirye. A 6.0 aka kawo makullin da ke hana a goge tubali ko a matsar da shi. A 6.1 aka ƙara wani nau'in da ya fi dacewa da maganarmu: a kulle sashe gaba ɗaya yadda za a iya canza rubutu da hoto kaɗai, maɓallan launi da tazara su ɓace daga allon gefe. Sakatariya ta buɗe, ta ga wurin suna, wurin hoto, wurin farashi, ta cika, ta wallafa.

Amma a yi adalci ga ɗaya ɓangaren. Masu shafuka ba banza suke tsoron kulle ba. Labarin maginin da ya karɓi kuɗi, ya yi rajistar adireshin da sunansa, ya riƙe kalmar sirri, sannan ya tafi bautar ƙasa ko ya koma Abuja wayarsa ta daina shiga, labari ne da kusan kowane mai makaranta ya taɓa ji. Wanda aka taɓa yi wa haka, idan ka ce masa ka kashe wasu maɓallai don amfaninsa, abin da zai ji shi ne kana son ya riƙa biyanka duk lokacin da zai canza kala. Wani lokacin ma gaskiyarsa ce. Akwai masu kulle shafi don kare tsari, akwai masu kullewa don kare abincinsu, kuma daga waje ba a bambance su.

Abin da ke raba su shi ne abin da aka miƙa ranar gama aiki. WordPress tana da matakan asusu: mai gudanarwa yana iya komai, edita yana rubutu da wallafawa amma ba ya taɓa jigo ko fulogin. Tsarin da ya fi tsafta shi ne Hajiya ko Fasto ko Yallaɓai mai makaranta ya karɓi asusun mai gudanarwa da takardun adireshi da na masaukin shafin da sunansa, ya adana su, ma'aikatan da ke aikin yau da kullum kuma a ba su asusun edita mai taƙaitattun maɓallai. Idan ya ce, "Malam, ni dai ina son sanarwar nan ta fito sosai," amsar da ta dace ita ce a ƙera masa salon sanarwar gaggawa guda ɗaya, mai launin da aka gwada da girman da ke shiga waya, a saka shi a jerin salon tubalin ya riƙa dannawa duk lokacin da ya so. Idan bayan wata shida ya dawo da wata buƙatar da jerin bai ɗauka ba, a ƙara mata gurbi a theme.json, a rubuta a takardar yarjejeniya ko wannan yana cikin kuɗin kulawa na shekara ko kuwa sabon ciniki ne.